Yayana mai hoto da katunan kasuwar duhu

A layinsu babu mai kiran yayana da sunan yanka. Tsaya-haka ake ce masa, yaro da babba, saboda kalmar da ta fi yawa a bakinsa ke nan tun da ya fara riƙe kyamara. Zai gyara maka wuyan riga, ya ɗaga maka haɓa da yatsa biyu, ya ja da baya, sai ka ji, "Yauwa, tsaya haka." Ni ce kawai nake ce masa Yaya, shi kuma yana ce mini Auta, duk da cewa yanzu 'ya'yana sun fi ni tsawo.

Lokacin da mahaifinmu ya rasu, Yaya ya bar makaranta ya koyi ɗaukar hoto, a zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai jar fitila, hannu yana warin sinadari har a kwanon abinci. Da wannan sana'a ya riƙe mahaifiyarmu, da ita ya yi mini karatu har na zama malamar asibiti. Mutum ne mai gudun rigima. Idan ya hango ɗan sanda a kan hanya sai ya rage gudun babur, ko da kuwa tafiyar hawainiya yake yi, kuma takardunsa cif suke. Shi ya sa da labarin nan ya fito, na daɗe ban yarda shi ba ne.

Shagonsa ɗan tsukukun ɗaki ne tsakanin kantin magani da mai gyaran takalma. Daga ƙofa akwai benci, da madubi, da mataji ɗaure da zare saboda mutane sun sha tafiya da shi a aljihu. A ciki labule biyu ne: fari na hoton fasfo, da wani mai zanen gidan bene da furanni. A kan ƙusa akwai wata baƙar kwat da rabin mazan unguwar suka taɓa sakawa don hoton neman aiki. Bango kuwa cike yake da hotunan da masu su ba su dawo karɓa ba. Na sha ce masa ya zubar, sai ya ce fuskar mutum ba shara ba ce.

Sai waya ta zo ta cinye sana'ar. Kowa ya zama mai hoto. Ƙafa ta ɗauke, sai masu fasfo da katin shaida. Ana cikin haka firintarsa ta mutu, mai gyara ya ce ba ta tasuwa. Ya zama idan ya ɗauki mutum sai ya hau babur ya je wani shagon zamani a buga masa, ya dawo ya tarar mai hoton ya gaji da jira. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Idan na tambaya sai ya ce, "Muna nan muna lallaɓawa, Auta."

Akwai wani magidanci da ke yawan zama a bencin nan yana shan iskar fanka, ana ce masa Injiniya. Bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba, kafa farantin tauraron ɗan'adam da kyamarorin tsaro yake yi a gidajen mutane, kuma kullum da wata sabuwar harka a bakinsa. Abin da ya gudana tsakaninsu, daga baya Yaya ya ba ni labari da kansa.

Wata rana da hantsi, shago shiru, Injiniya ya jawo kujera ya buɗe kwamfutarsa.

"Baba mai hoto, ka san intanet hawa biyu ne?"

"Kamar gida?"

"Kamar gida. Akwai saman da kowa ke shiga, akwai na ƙarƙashin ƙasa. Shi ake ce wa kasuwar duhu. Ba kowace manhaja ke kai mutum can ba, kuma babu wanda ya san sunan wani."

Yaya ya ce shi ya zaci zai ga wani abu mai ban tsoro, ƙoƙon kai da jini. Sai ya ga shafi tsaf-tsaf, kamar na masu sayar da takalma. Ga hoton kaya, ga farashi, ga taurari, ga yabon waɗanda suka saya. Kayan ne kawai daban: lambobin asusun mutane, jabun kuɗi, da katunan cirar kuɗi da aka ce maƙare suke. Ka biya kaɗan, a aiko maka kati da lambar sirrinsa, ka je inji ka zari ninkin-ba-ninkin abin da ka biya.

"Kuɗin wa ke ciki?" in ji Yaya.

"Na banki mana. Manyan bankunan waje, waɗanda ba su ma san adadin abin da suke da shi ba. In an cire, inshora ta mayar. Babu mai kuka, Baba."

"Allah ya kiyaye," in ji Yaya. Ya tashi ya kama goge madubin da ya riga ya goge.

Amma maganar ta bi shi gida. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yabon masu saye. Yayana mutum ne da yake ganin duk abin da aka rubuta a jere da kyau akwai gaskiya a cikinsa. Bai kawo a ransa cewa mai kayan zai iya zama ya yabi kansa da sunaye daban-daban ba. Injiniya kuma bai matsa masa ba. Yakan dai leƙo ya ce, "Ni nawa yana hanya," ya wuce.

Abin da ya karya shi wani shugaban makaranta ne, da ya zo yana son a ɗauki dukan ɗalibansa hoton katin shaida. Aiki ne da zai riƙe gida wata da watanni. Sun kusa daidaitawa, mutumin ya waiga ya ce, "Ina firintar?" Yaya ya fara kame-kame. Mutumin ya yi godiya ya fita, bai dawo ba.

A wannan makon Yaya ya sayar da babur. Ya ce wa matarsa, wadda nake kira Anti, kafin alƙalamin sabuwar firinta zai bayar. Injiniya ya mayar da kuɗin kirifto, kuɗin intanet ɗin nan da in ya tafi ba ya dawowa, suka tura. Aka nemi inda za a kawo kaya, Yaya ya ba da cikakken sunansa, da lambar wayarsa, da adireshin shago. Bayan ɗan lokaci saƙo ya zo cewa kaya sun maƙale, sai an biya kuɗin inshorar hanya. Ya ga ya riga ya yi nisa, ya sayar da babban gilashin kyamararsa na zuwa biki, ya ƙara turawa.

Abin mamaki, kaya suka zo. Mai kai saƙo ya miƙo wata 'yar ambulan mai laushi, ya karɓi sa hannu ya tafi. Yaya ya leƙa ciki, ya ga katuna biyu masu sheƙi da guntun takarda mai lambobi, ya yi maza ya rufe. Ko fito da su bai yi ba. Ya duba shagon kaf bai ga maɓoya ba, sai ya cusa ambulan ɗin a aljihun ciki na baƙar kwat.

Ya ɗauki kwanaki yana kewaya kwat ɗin kamar akwai maciji a ciki. Ranar da ya yi ta maza, ya shiga mota zuwa wata unguwa mai nisa inda ba a san shi ba, ya ja hula har gira, ya shiga layin injin cirar kuɗi. Layi yana tafiya, yana bi. Saura mutum ɗaya ya ɗaga kai, sai ya yi ido biyu da ɗan ƙaramin gilashin da ke saman injin.

"Auta," ya ce mini, "na ƙarar da rayuwata a bayan kyamara. Ranar na san yadda gabanta yake."

Ya ce wa na bayansa ya wuce. Ya ce wa na bayan wannan ma ya wuce. Wata mata ta ce, "Malam, in ba cira za ka yi ba ka ba mutane wuri." Ya ba su wuri. Ya dawo shago da ambulan ɗin yadda ya fita da ita, ya mayar aljihun kwat, ya ce a ransa asara ce ya yi, ya haƙura.

Bai san ba a gama da shi ba. Saƙo ya shigo wayarsa, da tambari mai kama da na hukuma. Ga sunansa cikakke, ga adireshinsa, har da hoton ƙofar shagonsa. Aka ce daga sashen yaƙi da laifukan intanet ne, an gano ya sayi katunan sata, kuma an san kayan suna hannunsa. Ko ya biya tara ta kirifto a rufe maganar, ko a zo a tafi da shi da ankwa a gaban jama'a, a baza hotonsa duniya ta gani. Ya kira Injiniya, waya a kashe. Benci kuma tun daga ranar bai sake ganin Injiniya ba.

Daga nan yayana ya fara narkewa. Saƙonnin ba su tsaya ba, kowanne ya fi na baya zafi. Ba shi da abin da zai sake sayarwa sai kyamarar kanta. Anti ta kira ni ta ce, "Zo ki duba yayanki. Abinci sai ya juya cokali ya tashi. In aka buga ƙofa sai ya zabura kamar an tsikare shi." Na je na auna jininsa, na ga ya hau sosai. Na tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce zafin gari ne. Na ce zafin gari kowa yana sha, me ya sa shi kaɗai ya rame. Ya kawar da kai ya ce wai har na girma ina yi masa tambayoyin likita.

Ranar da abin ya fashe, da rana ne tsaka. Yaya yana zaune ya zabga tagumi, sai inuwa ta rufe ƙofa. Ɗan sanda ne, ƙato, cikin kaki, ya cire hula yana share gumi.

"Kai ne Tsaya-haka?"

Yaya ya ce a ransa shi ke nan, an zo. Ya miƙe, ya ɗaga kai alamar e, har ya fara haɗa hannuwansa biyu a gaba don kada a wahala wajen saka ankwa.

"An ce kai ne ka iya fasfo a layin nan. Guda nake so, na makarantar da zan ƙaro karatu. Amma sun ce ban da kaki." Ɗan sandan ya waiwaya, idonsa ya sauka a kan ƙusa. "Yauwa, ga kwat. Ara mini."

Kafin Yaya ya buɗe baki, mutumin ya zare ta ya zura. Ta ɗan matse shi a kafaɗa. Ya tsaya gaban madubi yana gyarawa, ya shafa ƙirji, ya tsaya. Ya sa hannu a aljihun ciki ya zaro ambulan.

"Wani ya manta kayansa a nan."

Ya juya ta gaba da baya. Yaya ya ce a wannan lokacin ya ga fuskar mahaifiyarmu, ya ga 'ya'yansa, ya ga mai kantin magani da mai takalma sun fito suna kallo. Sai ɗan sandan ya miƙo masa ita.

"Ajiye masa, zai dawo nema. Mutane ba su da lura."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Yaya.

Ya ɗora kyamarar a kan ƙafarta, sai a ɗauka ta uku hoton ya fito daidai. Ɗan sandan ya tambaye shi ko zazzaɓi yake yi, ya ba shi shawara ya leƙa maƙwabcinsa mai magani. Ya biya, ya ce gobe zai aiko a karɓa, ya fita yana fito. Yaya ya zame a ƙasa a gaban farin labule. Daga nan ya kira Anti, ya kira ni, ya ce mu zo yanzu, kada mu tambaye shi komai a waya.

Na taho daga asibiti ko farar rigata ban cire ba. Na tarar ya janyo ƙofa rabi, Anti tana kan benci da zaren awo rataye a wuya, don tela ce, daga kan keke ta taso. Yaya ya ajiye ambulan da wayarsa a kan tebur, ya faɗi komai daga farko, kansa a ƙasa. Bai rage ba, bai kuma ɗora wa Injiniya duka ba.

Anti ta saurare shi har ƙarshe. Can ta ce, "Baban yara, tambaya ɗaya. Ka saka abin nan a inji?"

"Wallahi ban saka ba."

"Ka ci kuɗin wani, ko kwabo?"

"Ban ci ba."

Ta sauke numfashi. Ta jawo ambulan ta zazzage. Anti mace ce da ba ta sayen yadi sai ta murza shi, ta ɗaga shi a haske, ta karce shi da farce, kuma haka hannunta ya yi wa katin ba tare da ta yi niyya ba. Ta sa farce a gefen ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya, sai ga shi ya ɗago. Ta ja, ya ɓare gaba ɗaya, ya manne mata a yatsa. Sitika ce. Ƙarƙashinta farar roba ce fes.

Muka yi cirko-cirko. Yaya ya karɓi ɗayan, ya ɗauko gilashin da yake duba hoto da shi, ya kai bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe yana dubawa. Baƙin layin bayan katin ma fenti ne kawai.

"Wannan bugun," ya ce a hankali, "ko firintata da ta mutu ta fi shi kyau."

Ni na fara fashewa da dariya, ban so ba. Anti ta biyo ni, tana yi tana yarfe sitikar da ta ƙi barin yatsanta. Yaya ma ya kama, yana dariya hawaye na zuba, har mai takalma ya leƙo ya ce ko an yi haihuwa ne. Makonni yana kwana yana tashi da fargabar roba biyu da ba su kai murfin kwalba daraja ba, shi da aikinsa ke nan duba bugu, amma tsoro bai bar shi ya kalle su da kyau ko sau ɗaya ba.

Dariyar Anti ce ta fara ƙarewa. Ta gyara zama ta ce, "To, babur fa?"



Saura maganar saƙonnin. Ni dai na san hukuma ba ta karɓar tara a ɓoye ta waya, amma ban yarda da sanina ba. Ina da ƙawa tun ta makaranta, lauya ce, na kira ta, ta ce mu zo ofis. Ta karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ta cire tabarau.

"Malam, wa ka ba adireshin shagonka da lambar wayarka a kan maganar nan?"

"Masu katin."

"To su ne. Hoton ƙofar ma daga taswirar intanet suka ɗauko, ga shi har da tsohon fentinka. Sun sayar maka da iska, yanzu suna sayar maka da tsoro. Da ka biya, da gobe wani saƙon ya zo, har sai sun ga ƙarshenka." Ta dube shi sosai. "Amma ba zan shafa maka mai a baki ba. Niyyar da ka fita da ita ba mai kyau ba ce, kuma doka tana kallon niyya. Shawarata, kada ka amsa musu, kada ka goge komai, mu je da ƙafarmu mu kai rahoto. Wanda ya kawo kansa daban yake da wanda aka kamo."

Yaya ya ce, "In suka riƙe ni fa?"

"Ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Amma tare za mu shiga, kuma ina sa ran tare za mu fito."

Da safe muka tafi, ya saka rigarsa mafi kyau, Anti ta cusa masa maganin hawan jini a aljihu ko da za a kwana. Jami'in da ya saurare mu wani siriri ne mai furfura, a ofis mai fanka mai ƙara. Ya duba katunan, ya duba wayar, bai nuna mamaki ko kaɗan ba. Ya ce irin wannan ba shi ne na farko ba, sai dai yawanci ba sa zuwa sai an tatse su tas. Daga nan ya juya kan Yaya ya wanke shi da faɗa, soso da sabulu. Ya ce da furfurarsa da komai, me zai gaya wa 'ya'yansa da katin ya yi aiki. Yaya bai ce komai ba sai "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Aka rubuta bayaninsa, aka riƙe katunan, aka kwafi saƙonnin, aka ce ya tafi, in ana bukatarsa za a neme shi, kuɗinsa kuma kada ya sa rai.

Da muka fito, ya tsaya a bakin titi yana kallon motoci kamar yau ya fara ganinsu. Sai ya ce, "Auta, yunwa nake ji." Muka shiga wani gidan abinci, ya cinye nasa, ya jawo sauran nawa. A motar komawa barci ya kwashe shi, kansa a kafaɗata, yana minshari, ban tashe shi ba sai da muka wuce tasharmu.

Saƙonnin sun ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, da suka ga shiru suka daina. Injiniya ya ɓullo daga baya, ya zube kamar wanda ya yi jinya. Ya tsaya a ƙofa bai shigo ba. Ashe shi nasa katin bai taɓa zuwa ba. Ce masa aka yi in ya kawo wani mai saye za a saki kayansa, shi ya sa ya jawo Yaya. Shi ma an turo masa saƙon barazanar, kuma shi ya biya, har sau biyu. Na so a ce ina wurin, da ya ji ta bakina. Yaya dai ya ba shi lambar lauya, ya ce ya je ya kai kansa kamar yadda shi ya yi, benci kuma a ɗan huta da shi tukuna. Da na ce ya yi masa sauƙi da yawa, sai ya ce, "Shi ya nuna ƙofa, Auta. Ƙafata ce ta shiga."

Anti kuwa ba ta huce da wuri ba. Ta daina yi masa magana kai tsaye, sai ta bakin yara. "Ku ce wa babanku abinci yana tebur," alhali yana zaune a gabanta. Ya haƙura, ya san ya jawo.

Ana nan wata mata ta zo fasfo. Mai shara ce a wani kamfani, ta zo da kayan aikinta a jaka. Tana zama a kujera sai hawaye. Yaya ya sauke kyamara, ya ba ta ruwa, ya ce babu gaggawa. Ta ce sabon asusu za ta buɗe, na da an kwashe shi. Katinta yana jakarta, bai taɓa ɓata ba. Tana cikin goge tagogi wayarta ta fara ƙara, saƙo bayan saƙo, kafin ta sauko daga kan tsani an share abin da ta daɗe tana tarawa don ta kama ɗaki ita da 'yarta, su bar zaman gidan ƙanin mijinta. Banki ya ce ana bincike. Wai wani ne a wani wuri ya sayi lambobinta.

Yaya ya jira har fuskarta ta daidaita, ya ɗauke ta. Ya ce ta bar kuɗin. Ta ce a'a, ba roƙo ta zo ba, ta ajiye masa a tebur. Da ta tafi ya kira ni ina bakin aiki, abin da ba ya yi.

"Auta, ya ce mini babu mai kuka."

"Wa?"

"Injiniya. Yanzu mai kukan ta tashi daga kujerata." Ya ba ni labarinta. "Da katin nan na gaske ne, da wata rana na koma layin nan, na san kaina. Da kuɗin irin wannan baiwar Allah zan sayi firinta, in buga mata hoto da ita." Sannan ya ce, "Na gode wa Allah da ya haɗa ni da ɓarayi marasa amana."

Da ya koma gida ya ba Anti labarin. Washegari da safe yana buɗe shago sai ga motar kaya ta tsaya, Anti a gaba kusa da direba, keken ɗinkinta a baya ɗaure da igiya.

"Matsar da bencin nan," ta ce masa, kai tsaye, ba ta bakin kowa ba. "Na saki shagona. Hayar wuri biyu ta ishe mu haka. Kuma daga yau duk mai kawo maka harka, ta gabana zai wuce."

Haka aka raba ɗan tsukukun ɗakin nan biyu. Da farko na ce ba za su yi mako ba. Sai ga shi matan da ke zuwa karɓar ɗinki, in sun gwada sabuwar riga suka ga ta zauna, sai su ce a ɗauke su a ciki kafin ta yamutse. Ƙafa ta fara dawowa kaɗan-kaɗan. Bai koma yadda yake a da ba, kuma har yanzu a mota yake zuwa aiki, amma kumatunsa sun ciko.

Shekaranjiya na biya ta wurinsu. Na tarar suna musu a kan fanka, ita tana cewa tana kaɗa mata yadi, shi yana cewa zafi zai narkar da kwalliyar mai hoto. Wata amarya tana zaune a kujera tana jiran su gama. Anti ta miƙo mini almakashi ta ce in riƙe mata bakin yadi, Yaya ya ce in matsa ina tare masa haske. Na ajiye jakata na kama yadin.